Masanin Iska da Jinkar Rumbunsa

Kai Shekarau, tunda ka ce ba ka bukatar kowa, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomi da ya san iska kamar yunwar cikinsa. Ya san iskoki biyu ne ke kokawa a samanmu, busasshiya ta arewa da mai laima ta kudu, kuma inda suka yi karo nan ruwa yake sauka. In ta kudu ta shigo a hankali, sai gishiri ya jiƙe a ƙwarya, gajimare ya rufe sama, a wuni ana yayyafi. In kuwa karon mai ƙarfi ne, sai zafi ya yi tsanani, ganye ya daina motsi, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta bugo, ruwa ya biyo ta kamar da bakin ƙwarya. Har ruwan yaudara ya sani, wanda ta kudu kan leƙo ta zubar, ta arewa ta sake korarta, shuka ta tsiro ta ƙone. To, wata shekara ya ga mutanen garinsu sun fita shuka bayan irin wannan ruwa, ya ja bakinsa ya yi gum. Da irinsu ya ƙone kaf, sai ya ce, "Ai ni na sani." Wallahi wannan magana ta fi asarar yi musu ciwo. Aka janye masa jiki, shi ma ya yi fushi ya koma can gonarsa ya kafa bukka. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka tafi birni. Ba ya zuwa gayyar kowa, ba mai yi masa sallama sai kurciya.

Wata bazara gara ta cinye jinkar rumbunsa, rumbun da ke ɗauke da geron cinsa da irin shukarsa. Ya yaye tsohuwar, ya ɗaura sabuwa a ƙasa yadda ake yi, ya baibaye ta tsaf. Saura a ɗaga a ɗora, aikin maza shida. Ran nan da safe ya ji iska ta juya, ya taɓa gishiri ya ji danshi. Ya san saura kwana uku ruwa ya sauka. Kwana uku fa, Shekarau! Garin bai fi tafiyar hantsi ba. Sau biyu yana saɓa sandarsa, sau biyu yana kaiwa bakin hanya ya tsaya, ya rasa ƙofar da zai fara yi wa sallama, ya juyo. A rana ta uku da la'asar gari ya yi tsit, gumi na tsiyaya, gabas ta haɗo. Ya shiga ƙarƙashin jinka ya ɗaga nan, can ya zauna. Ya koma can, nan ya zauna. Ya shiga kwasar gero da kwando, bai kai kwando biyar ba iskar nan mai sanyi ta bugo shi. A lokacin ne ya buɗe baki ya ƙwala kira, yana ambaton sunayen mutanen da ya shekara goma bai gaisar ba. Wa zai ji shi? Ruwa ya sauka daidai lokacin da ya lissafa, bai yi kuskure ko kaɗan ba, ya cika rumbu har wuya. Shi kuwa yana tsugune a ƙarƙashin sabuwar jinkarsa, ko ɗigo bai taɓa shi ba, yana kuka shi kaɗai.

Ni dai duk sanda na tuna shi sai tausayi ya kama ni. Sani kam yana da shi, amma ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.