Rigar Siminti

Tela ya gaji gida a tsohuwar unguwa, irin ginin ƙasan nan mai kaurin bango, wanda in ka shiga da tsakar rana sai ka rantse ruwa aka yayyafa maka. Kakansa ne ya gina shi. A saman ƙofar akwai zanen da kakan ya yi da yatsunsa tun ƙasa tana ɗanya, har inda babban yatsansa ya zame ana gani. A ɗakin farko Tela ya kafa keken ɗinkinsa, mahaifiyarsa Inna kuma tana ɗakin da ke manne da shi.

Inna buri ɗaya gare ta a duniya, kuma duk wanda ya je gaishe ta sai ya ji shi: "Ta ƙofar nan aka shigo da ni ina amarya, ta ita za a fitar da ni."

To, Tela mutum ne mai son a yaba. Ba gulma ba, jama'a, amma telan da ya fi masu kaya daɗewa a gaban madubi, ai kun san sauran. Da maƙwabcinsa mai sayar da waya ya tayar da gidan bulo, abokai suka sa shi gaba: "Tela, yaushe za ka fito daga gidan gara?" Yana dariya, amma maganar tana cinsa.

Har masu kula da tsofaffin gine-gine sun taɓa zuwa, suka ce za su taimaka a gyara gidan da ƙasarsa ta asali. Ya kore su. "Ku kuna kwana a bulo, ni ku mai da ni abin kallo?"

Ya kirawo masu filasta suka lulluɓe bangon da siminti ciki da waje, har zanen kakan, aka bi da shuɗin fenti. Indararan da ke cillo ruwa nesa da bango kuwa ya ce sun yi masa kama da haƙoran gaba, aka cire su, aka binne siririn bututun roba a cikin bangon.

Baba Magini, tsohon da ke yi wa gidan yaɓe duk bayan damina, ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa.

"Ɗana, ƙasa numfashi take yi," ya ce. "Ta sha ruwa, ta yi gumi, ta bushe. Yanzu ka sa mata rigar leda, ta ina za ta bushe?"

Tela ya ce, "Baba, hanyar abincinka aka toshe, ba numfashinta ba."

Tsoho ya ja sandarsa ya tafi.

Damina ta farko lafiya lau. Tela har kujera ya fitar ƙofar gida don masu wucewa su san ko na wane ne. Ta biyu, Inna ta fara mita.

"Kai, ɗakina warin rijiya yake. Tabarmata ma ba ta bushewa."

"Inna, tsufa ne ya taɓa miki hanci."

"Hancin da ya raine ka? Taɓa bangon nan ka ji."

Ya buga, bango ya amsa kamar ganga. Maimakon ya nemo Baba Magini, sai ya sake sayo fenti. Kunya ta hana shi, kuma kunyar da ba ta da wuri ai ita ke kashe mai ita.

A damina ta uku ganye ya toshe bututun, ba wanda ya sani, tunda a binne yake. Aka kwana uku ana ruwa, duk yana tsiyaya cikin bango. Ranar da aka ɗauke, da hantsi, Tela ya fita sayen zare, Inna tana tsakar gida tana shanya. Sai ji ta yi rim! Gaban gidan ya zauna gaba ɗaya: ƙofar, shagon, da ɗakinta. Simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, abin da ke ciki kuwa caɓi ne zalla.

Ba a rasa rai ba. Amma da hukuma ta duba sauran ginin ta ce shi ma ya jiƙe har gindi, kada a sake kwana a ciki. Katafila ta ƙarasa abin da ya rage. Abokan nan masu kiran gidan gara suna cikin 'yan kallo, har da masu cewa, "Kai, an yi asarar tarihi."

Tela ya kama ɗakin haya a bayan gari ya kai Inna. Rufin kwano ne, da rana kamar tanda. Ba ta zage shi ba, da ma ta zaga da ya fi masa sauƙi. Daina faɗin maganar nan tata kawai ta yi. Wata huɗu Allah ya karɓi abarsa. Ƙofar ɗakin ta ƙarfe ce, 'yar matsattsiya, sai da aka karkata makarar kafin ta fita. Tela yana riƙe da gefe ɗaya, yana gani.

Baba Magini ya zo gaisuwa. Bai ce na faɗa maka ba. Da zai tafi, ya zaro wani guntun busasshiyar ƙasa daga aljihu ya sa wa Tela a hannu. A cikin ɓaraguzai ya tsinto shi. Sawun babban yatsan kakan ne.

Jama'a, tsohon gini gyara yake so irin nasa, ba ado irin na maƙwabci ba. Kafin ku taɓa abin da kuka gada, ku tambayi waɗanda suka san shi, domin abin da ya tsaya shekara ɗari in ya faɗi, kuka ba ya tayar da shi.