Yatsun Mahdi

Mahdi, wanda in ya taɓa jita a gidan biki har masu rabon abinci sai sun tsaya, yau muryarsa rawa take a zauren su Rahma.

"Na yarda da sharaɗin Baba. Tunda ba ya ba makaɗi 'yarsa, na ajiye jita. Gobe zan kama aiki a injinsa na yankan katako."

Rahma ta zuba wa yatsunsa ido.

"Don Allah ki yi magana, ke kaɗai gare ni!"

Hawaye suka zubo mata. "Yaya Mahdi, na san ma'aikatan injin Baba kaf, babu mai yatsu goma. Gara in rasa ka, in riƙa jin kiɗanka daga nesa."