Sai Kin Yi Ihu

"Wadda sikila ta tasar wa ba ta zama tsaf-tsaf haka," in ji nas ɗin asibitin, ta turo wa wata budurwa katinta. "Je ki sha farasitamol."

Tun daga unguwar Mpape budurwar ta taho, ƙasusuwanta kamar ana sara da gatari, ga takardar likita a hannunta an rubuta allurar mofin mai kashe raɗaɗi ɓaro-ɓaro. Shekara ashirin da shida ke nan tana tare da ciwon nan. Da shi ta yi digiri, da shi ta yi bautar ƙasa, kuma ba wanda ya taɓa jin kukanta, domin a rugarsu an hore ta cewa mace ba ta raki a gaban mutane.

"Sista, ki duba takardar mana. Miligiram goma ne, kamar kullum."

"Har awon kin haddace? To, zauna ki jira oga."

Wata dattijuwa da ke gefenta a benci ta raɗa mata, "'Yata, a nan sai kin yi ihu ake yarda. Sauke girman kan nan."

Awa uku tana cije leɓe. Da ciwon ya sauko ƙugunta, sai ta sulale ƙasa, ta saki ihun da ta daɗe tana haɗiyewa, har masu jiran layi suka miƙe tsaye.

Nas ɗin ta leƙo, ta dubi abokiyar aikinta, ta taɓe baki.

"Kin gani ko? Na faɗa miki 'yar ƙwaya ce. Haka suke yi idan abin ya motsa musu."