Ƙarni a Cikin Kunu

Wanzami ya cire ƙaho daga bayan mijina, jini ya ƙi tsayawa. Kafin keke napep ya fitar da mu Ƙofar Kuyambana, zanen da na danne wurin da shi ya jiƙe sharkaf.

A asibiti likita ya duba katinsa. "Malam, ban da maganin tsinka jinin da muka ɗora ka a kai, me kake sha?"

Wata huɗu ke nan ina fasa ƙwayar man kifi shida a kununsa kowace safiya, a ɓoye, tun da na karanta cewa yana taimakon zuciya.

"Man kifi," in ji Malam da kyar.

"Yana da amfani, amma ba a haɗa shi da wannan maganin sai da saninmu. Wa ya ba ka?"

"Ni na saya," in ji Malam.

Da jinin ya tsaya, likita ya fita, na kasa ɗaga kai. "Ashe ka sani?"

"Tun ranar farko na ji ƙarninsa." Ya lalubo hannuna, yatsunsa sun yi sanyi. "Kullum kina tsaye bakin ƙofa kina kallona har in shanye. Ta yaya zan ajiye kofin?"