Wajen 1965

Idan mutum ya rubuta ranar da ba a haife shi ba don ya ga ɗiyarsa, ƙarya ya yi? Wata uku ina juya wannan tambaya.

Takardar haihuwata cewa ta yi "wajen 1965", ba rana, ba wata. Inna ta ce da kaka ne, ana yankan hatsi a Birnin Lalle, can ƙasar Dakoro. Amma takardun tafiya da ake cikewa a ordinata, wato kwamfuta, ba su wucewa sai da rana.

"Baba, sa ɗaya ga Janairu," in ji ɗiyata ta waya. "Rabin Dakoro ran nan aka haife su."

"Wa ya taɓa yankan hatsi a Janairu? Ba ni sawa."

Shekara bakwai rabona da ita. Tana wata jami'a a Kanada, tana koya wa ɗalibai gwada manhaja, su tono kuskure kafin ya kai ga mutane. Ni da na koya wa kaina ordinata a shagon buga takardu, na san na'ura ba ta jin roƙo.

Ran Laraba ta kira, ta juya wayar ga ajinta. A allo an rubuta: wajen 1965.

"Jarrabawarsu ke nan kowace shekara," ta ce. "Duk manhajar da ta ƙi karɓar ka ta faɗi. A ɗakin nan kaɗai nake iya shigo da kai ƙasar nan, Baba."

Da ta kashe wayar, na jawo kujera, na buga ɗaya ga Janairu.