Kwana Huɗu a Hamburg

Bayan la'asar Nu'uman ya shigo falo da kwamfuta, ya ajiye a gaban matarsa Jannatu. Wata biyu ke nan maganarsu ba ta wuce gaisuwa, tun ranar da ta samu gurbin ƙaro karatun likita a Hamburg ya ce bai amince ba. Tafiyar hutun Turai kuwa sun shirya ta tun kafin saɓanin, har biza ta fito.

"Saura tikitin jirgin ƙasa," in ji shi. "Akwai na kwana bakwai, akwai na sha biyar, mutum ya hau duk jirgin da ya so. Wanne za mu yanka?"

"Duk wanda ka zaɓa, Baban Sauda." Ba ta ɗago ba.

"Na sha biyar nake so. Duba garuruwan da na jera."

Ta jawo kwamfutar don kada ya ce ta raina shi. Paris kwana biyu, Amsterdam biyu. A layi na uku idonta ya tsaya, ta sake karantawa.

"Me za mu yi a Hamburg har kwana huɗu?"

Ya kau da kai wajen taga.

"Neman gida ba ya yiwuwa a wuni ɗaya. Kuma ina so in ga makarantar da 'yarmu za ta shiga."

Ta daɗe tana kallonsa, shi kuma ya ƙi juyowa.

"To ka mayar da shi kwana biyar," ta ce. "Don kai ma ka san hanyar gidan daga tasha, tunda za ka riƙa zuwa ganinmu."