Tumatir a Ƙarƙashin Leda

Ƙarfe sha biyu saura kwata na lulluɓe tumatirin Inna da leda. Na san lokacin domin agogon Baba yana hannuna.

A wata gona kusa da garin Zighan muke zaune, inda Baba yake ban ruwa. Babu lantarki, nama kuwa sai da Sallah. Abin da rana ta busar shi muke ci: kuɓewa, yakuwa, dabino. A ranar, Inna ta yanyanka tumatir kwando biyu, miyarmu ta wata uku, ta shanya a tabarma, ta ce in kori kaji. Ni kuwa na karanta a littafin makaranta cewa a riƙa rufe abinci. Na rufe tsaf, na danne kowace kusurwa da dutse.

Da la'asar Inna ta ɗaga ledar. Tumatir ya yi gumi, ya narke, tsami yana tashi. Ta dube ni, ta dubi duwatsun nan huɗu, sai dariya.

"Ɗauko babbar tukunya, malama."

Ta dafa shi duka da wake da albasa, ta kira ma'aikatan gonar, 'yan Chadi da 'yan Ghana, suka zauna ƙarƙashin dabino suna suɗe kwano. Ban taɓa ganin gidanmu ya cika haka ba, har yau ƙamshin yana faranta mini rai.

Sau uku ina tambayarta ko littafin ƙarya ya yi. Sai da muka zauna wanke-wanke ta amsa.

"Gaskiya ya faɗa, 'yata. Amma wanda ya rubuta shi yana da firji. Mu rana muke da ita, kin ko rufe mata fuska."